Zakkar Fari ta Kulu

Shafi na 14

Masu turo mini saƙo cewa na bar Kulu tsaye a bakin rumbu tun rannan, ku yi haƙuri, wuta ce ta ƙi mu, waya ta mutu. Ga ta nan na kawo muku ita. Mai saurin kuka ya nemi wurin zama tukuna.

*

Da sassarfa Kulu ta faɗa gidan Malama Suwaibatu, ko ƙaiƙayin da ke jikin gyalenta ba ta tsaya kakkaɓewa ba. Matan makarantar la'asar sun watse, sai Malamar ita kaɗai a gindin darbejiya tana naɗe tabarmi.

"Salamu alaikum! Malama, ya kai!"

"Wa alaikumus salam. Me ya kai, Kulu? Zauna mana ki sha ruwa."

"Geron! Maigidanki Malam da kansa ya je aka auna a gabansa. Ya ce ya kai nisabi, cikin goma in cire ɗaya. Malama, ni fa! Ni Kulu zan fitar da zakka!"

Sai ta zube a kan tabarmar da ake naɗewa, ta fashe da kuka.

Wanda bai san Kulu a da ba zai ce mene ne abin kuka a nan. To, bari in tuna muku. Lokacin da mijinta Mudassir ya rasu ya bar ta da yara uku a Balan, ko takaba ba ta gama ba yayansa Inuwa ya zo ya kwance shanun huɗar da suke noma da su tare, ya ce nasa ne, ya kaɗa su ya tafi. Ranar a gaban jama'a ta ce masa Allah ya isa, ta kuma rantse da Allah ba za ta ƙara cin abin da ya fito daga hannunsa ba. Ta tattaro yaranta ta dawo Gafasa gidan ubanta, ta kama 'yar gonar gadonta da fartanya. Daminar farko ba a cewa komai, ganyen tafasa ya zama tuwo ya zama miya.

A kakar wannan shekarar ne Malama ta aika mata da buhun gero da ɗan abin da ya samu na gyaɗa. Ta ce wani bawan Allah ne ya fitar da zakkarsa ya ce a ba ta, ya kuma roƙi kar a ambaci sunansa. Geron suka ci. Gyaɗar kuwa Kulu ba ta bari yara sun taɓa ko ƙwaya ba, ta soya, ta matse mai, ta murza ƙuli ta kai kasuwar Ajingi. Wata kakar buhu ya sake zuwa, ta bayanta ma haka. Daga ƙuli aka samu akuya, daga akuya aka samu taki da hayar garma. Da ciki ya daina kuka, sai ga Kulu a makarantar matan aure da allonta, ita da a da sallarta ma a gurguje take yi, rabin hankalinta na kan abin da za ta ɗora a murhu.

Tun daga lokacin babu sujadar da za ta yi ba ta saka mai buhun nan a ciki ba. Amma fa in ta sallame ta ɗaga hannu, ba ta taɓa mantawa da Inuwa ba, shi ma kullum da nasa rabon na Allah ya isa. Kulu ke nan, ba ta manta alheri, ba ta kuma manta sharri.

Malama ta bar ta ta yi kukanta mai isarta, sannan ta miƙa mata kofin ruwa.

"Alhamdu lillahi. Allah ya sa albarka, ya sa ki fi haka."

"Amin, Malama." Ta share ido da bakin gyale. "Dama abu biyu ya kawo ni. Na farko, ki gaya wa bawan Allahn nan bana kar ya aiko. Ya ba wata. Na tsaya da ƙafafuna."

Malama ta jawo wata tabarma ta ci gaba da naɗewa.

"Na biyu kuma, ina so in gan shi."

"Kulu."

"Ba wani abu zan yi ba, wallahi. Durƙusawa kawai zan yi in ce na gode. Shekara da shekaru ina yi wa mutum addu'a ban san ko fari ne ko baƙi ba."

"Allah ya san shi. Ai ya isa."

"Ni bai ishe ni ba."

"Alkawari na ɗauka. Kina so in ci amana da tsufana?"

Kulu ta jujjuya kofin a hannunta. Can ta ɗago.

"To, ai har an gama sussuka ban ga an aiko ba. Ko kin riga kin gaya masa na samu?"

"Ban gaya masa komai ba."

"To, lafiya?"

Malama ta jingine tabarmar a jikin bishiya. Ta daɗe tana gyara ta, alhali tabarmar ba faɗuwa za ta yi ba.

"Bana ba shi da abin fitarwa."

"Kamar ya ba shi da shi?"

"Kamar yadda kika ji. Abin da ya samu ko gidansa ba zai riƙe zuwa bazara ba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Kulu ta dafe ƙirji. "Mutumin da ya ciyar da marayu? Me ya same shi?"

"Jarrabawa."

"Malama, ai shi ke nan, magana ta ƙare. Zakkata tasa ce. Ai ya halatta ko?"

"Ya halatta. Yana cikin masu buƙata, babu ko shakka."

"To, ki kai masa. Kar ki faɗi sunana, yadda ya yi mini. Wayyo Allah, ina nan ina ta murna, shi yana can... Wai me ya faru ne? Fari ne? Ai bana an yi ruwa."

"Ba fari ba ne. Ciwo ne ya kwantar da shi tun shukar fari, ƙafa ce ta ƙi warkewa. Babu mai shiga gonar, ciyawar wuta-wuta ta cinye ta. Garin neman magani har shanun huɗarsa sai da ya..."

Malama ta kama bakinta.

Amma ina! Maganar ta riga ta fita.

Kulu ta ajiye kofin a hankali. Ta san wannan labarin. A kasuwar Ajingi ta ji shi wajen wata mai daddawa 'yar Balan, da ƙafar, da wuta-wutar, da shanun da aka kai kasuwar dabbobi aka sayar. Ranar har awara ta sayo wa yara don daɗi, tana tafe a hanya tana cewa kaɗan ma ya gani.

"Malama."

"Na'am."

"Mutumin nan a Balan yake?"

Malama ta kau da ido.

"Malama, don girman Allah ki ce mini a'a."

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Kulu. Bakina ya riga ya yi mini abin da ya yi. Allah ya yafe mini."

"Inuwa?"

Malama ta sunkuyar da kai.

"Inuwa! Inuwan da ya kwance mana shanu gawar ƙaninsa ko sanyi ba ta yi ba?"

"Shi."

Kulu ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna, ta sake miƙewa.  Ta tuna tuwon geron farko da ta tuƙa daga buhun nan, yadda autarta Zuhra ta sa yatsa ta suɗe kwano tana dariya.

"Kun cuce ni."

"Ki zauna mu yi magana."

"Kun cuce ni, Malama! Ke da Malam kun san na rantse! A gaban mutane na rantse! Kuka bar ni ina ta ɗura wa cikina hatsinsa, ni da 'ya'yana!"

"Da mun gaya miki za ki karɓa?"

"Wallahi da ban karɓa ba!"

"To, da me za ki ba yaran?"

Kulu ta juya mata baya.

"Ki saurare ni," in ji Malama, muryarta a kwance. "Zakka in ta fita ta bar hannun mai ita. Haƙƙin Allah ce da ya ajiye wa mabuƙaci a cikin dukiyar mai hali. Rabonki kika ci, ba alfarmar Inuwa ba. Kuma ba da saninki kika ci ba. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki yi kaffara, yanzu kina da halin ciyarwa. Dama rantsuwar yanke zumunci ba abar riƙewa ba ce."

"Shanun fa? Da buhun gero zai biya marayu shanunsu?"

"A'a. Wannan daban, wancan daban. Malam ya gaya masa tun ranar farko, zakka ba ta wanke haƙƙin mutane. Ya zalunce ku, ba zan shafa masa mai ba."

"To, me ya hana shi dawo da su?"

"Ya zo Gafasa ai. Kika ce a ce masa ba kya nan."

"Sau ɗaya!"

"Daga nan girman kai ya hana shi komowa. Kullum sai ya ce wa Malam bari a cire amfanin bana, zai kawo sa ɗaya ya ɗaure muku a ƙofar gida. Bana ta zama baɗi, baɗi ta zama wata baɗin, har ciwo ya zo ya cinye su duka. Mutum ne, Kulu. Ya iya ba da buhu a ɓoye, ya kasa cewa na yi kuskure a fili."

Kulu ta zauna daɓas a ƙasa, ba ma a kan tabarma ba. Hawayen da ke zubo mata yanzu ba irin na ɗazu ba ne.

"Malama, in tambaye ki."

"Ina ji."

"A sujada ina cewa Allah ka ba shi lafiya, ka buɗa masa, ka haɗa shi da Annabi. In na sallame in ce Allah ka saka mini, ka nuna masa tun a duniya. Ashe duk mutum ɗaya nake nufi. To, wacce aka karɓa?"

"Wannan sanin sai Allah."

"Ƙafar nan tasa... ni ce?"

"Kul! Kar ki ɗora wa kanki abin da ba ki da iko a kai. Wadda aka zalunta tana da damar kai ƙara wajen Ubangijinta. Ciwo kuma na Allah ne."

"Na yi murna fa, Malama. Ranar da na ji, har awara na saya."

Malama ta dube ta. Ta matso ta dafa kafaɗarta kawai.

Kaji na ta kai-kawo a tsakar gida suna neman wurin kwana.

"Maganar zakkarki kuma," in ji Malama, "ki ɗauka ban ji abin da kika ce ɗazu ba. Ba ki san ko wane ne ba kika faɗa. Ga Iya Gaji nan makauniya, ga matan da mazansu suka rasu bana. Duk wanda kika ba ta yi. Babu mai yi miki dole."

Kulu ta tashi, ta kakkaɓe zaninta, ta fita. Ko sai da safe ba ta ce ba.

*

Washegari da hantsi motar a-kori-kura ta Abdulsalam, mai kai mata man gyaɗa kasuwa, ta kama hanyar Balan. Buhu na baya, Kulu na gaba ta haɗe rai kamar wadda za ta je karɓar gawa.

Kar ku tambaye ni ko ta yafe. Ita kanta ba ta sani ba. Abin da ta sani kawai, da asuba ta yi sujada ta zo wurin da ta saba saka mai buhu, sai harshenta ya ƙi motsi. Ta sallame ta ɗaga hannu, nan ma ya ƙi. Ta zauna a kan dadduma hannu a sama babu abin faɗa, abin da bai taɓa samunta ba ko a shekarar tafasa. Wannan ne ya tsorata ta.

Dabararta mai sauƙi ce. Za ta lafe a mota, Abdulsalam ya sauke buhu a ƙofar gida ya ce wani bawan Allah ne ya aiko, su juya. Yadda aka yi mata haka za ta yi, kowa ya ji in da daɗi.

Sai dai motar na tsayawa, Hansai matar Inuwa ta fito daga zaure da bokiti a hannu. Suka yi ido huɗu.

Bokitin ya faɗi.

"Kulu? Faccalata? Ke ce?"

Babu sauran wurin ɓuya. Kulu ta buɗe ƙofa ta sauko. Hansai ta rame har wuyanta ya yi tsawo, zanin jikinta ya koɗe. Da can ita ce mai ƙiba a gidan, har ana yi mata tsiya.

"Ina kwana, Yaya Hansai."

"Lafiya lau... Ina yara? Ina Zuhra? Wayyo, ta girma ko? Shigo mana, shigo!"

"A'a, sauri nake. Dama..."

"Hansai, wace ce?"

Daga cikin zaure muryar ta fito. Kulu ta san ta, amma da can in ta fito har awaki sai sun watse. Yanzu kamar ta wanda ke magana daga cikin rijiya.

"Maigida, Kulu ce! Maman su Zuhra!"



Kulu ta matsa bakin zauren, ba don tana so ba, ƙafarta ce ta kai ta. Yana kwance a kan tabarma an tokare masa baya da filo, ƙafar dama a naɗe da tsumma, ƙudaje na bin ta. Gemunsa ya yi fari fat. Ta yi shekaru tana tanadin kallon da za ta yi masa ranar da Allah ya kama shi. Ga ranar ta zo, kallon ya ƙi zuwa.

Shi kuwa ba ita yake kallo ba. Idonsa ya wuce ta, yana kan buhun da ke bayan mota.

"Malama ta gaya miki," ya ce.

"Ba da gangan ba."

Ya yunƙura zai tashi zaune, ya kasa. Hansai ta ruga ta tallafe shi.

"Shi ne kika dawo mini da shi."

"Me?"

"Hatsin. Saboda rantsuwarki." Numfashinsa na fita da ƙyar. "Kulu, ki zage ni. Ki tara mutanen Balan ki ƙara ce mini Allah ya isa, na cancanta. Amma don girman Allah kar ki dawo mini da zakkar nan. Kin ga yadda na koma. In na duba abin da zan je wa Ubangijina da shi, ita kaɗai nake gani. Ki bar mini ita."

Hansai ta toshe baki da gyale.

Kulu ta dafa bangon zaure. 

"Yaya."

Rabonta da kiransa haka tun Mudassir na da rai. Shi ma sai da ya ɗago ya dube ta.

"Ba taka ba ce. Taka mun cinye ta tuntuni, ta zama jini a jikin 'ya'yan ƙaninka. Wannan tawa ce."

"Taki?"

"Gerona ya kai nisabi bana. Zakkata ce ta fari."

Inuwa ya ƙura mata ido. A hankali maganar ta shige shi, kuma kowa ya ga lokacin da ta isa, don fuskarsa ta canza. Mutumin da tun tasowarsa shi ke aunawa a kai wa wasu.

"Zakka," ya ce. "Ni?"

"Malama ta ce ta halatta."

"Ni Inuwa? A ƙofar gidan ubana? Daga hannun matar da na..." Ya kau da kai ya fuskanci bango. "Hansai, ce wa mai motar nan ya juya da kayansa. Ban kai nan ba tukuna."

"Haba Maigida! Rabonmu da ɗora tukunya sau biyu a rana..."

"Na ce ya juya!"

Tsohuwar muryar ta ɗan dawo, har tari ya sarƙe shi.

Nan fa Kulun da kuka sani ta farka. Ta saki bango, ta tako cikin zauren har gaban tabarmarsa, ta durƙusa yadda dole ya gan ta.

"Au, haka ne? Kai ka iya bayarwa, karɓa ce ba ka iya ba? Ni da na yi shekaru ina karɓa, ba mutum ba ce?"

"Kulu..."

"Ban gama ba, Yaya. Maganar shanu tana nan, ban ce na yafe ba, ban kuma ce ba zan yafe ba. Amma yau da asuba na ɗaga hannu na rasa abin da zan gaya wa Allah a kanka. Ba zan iya rayuwa a haka ba." Ta share ido ta ci gaba. "In ka mayar mini da tawa, wallahi gobe zan buɗe rumbu in auno maka taka, tun daga buhun farko har na bara, in sauke maka a nan. Sai mu je gaban Allah hannu rabbana, ni da kai."

 Hansai na kuka ƙasa-ƙasa. Inuwa na fuskantar bango, kafaɗunsa na rawa.

Daga waje Abdulsalam ya leƙo, buhun a kafaɗarsa, gumi na zubo masa.

"Hajiya, nauyi fa. A shigo da shi ne, ko in mayar mota?"

Kulu ba ta juya ba.

"Tambayi mai gidan," ta ce.